Kwalayen Marigayi Farfesa

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

To. Yau anyi ta a labirare. Bari in rubuta tun da zafinsa, don wata rana jikokina su san kakansu ba kanwar lasa bane.

Nine Sarkin Kwali. Shekara ashirin da shida a sashen kyauta da musaya na wannan jami'a. Duk littafin da wani ya bamu don Allah, duk mujallar da wata jami'a ta aiko muka aika mata tamu, ta hannuna ta bi. Ka ɗaure mini ido ka miƙo kwali in shinshina, zan gaya maka daga inda ya fito da shekara nawa yayi a ƙarƙashin gadon mai shi. Ba yabon kai ba, ko ɓerayen sito sun san takuna.

Matar Marigayi Farfesa, wannan da ya ƙare rayuwarsa yana auna ruwan rijiyoyi, ta bamu litattafan mijinta kaf. Kwali arba'in da ɗaya. Sharaɗinta guda, kada a raba su, a basu ɗaki da sunansa a ƙofa. Na Sama, shugaban labirare kenan, ofishinsa na hawa na uku, ya sa hannu harda ɗaukar hoto. Ranar Juma'a aka sauke su. Sito ya cika, sai aka jera su a baranda kusa da ƙofar fita.

Yau da safe kwali tara muka samu.

Tara. Na ƙirga sau uku, na huɗun da yatsa.

Jan Biro ta tsaya tana kallon wurin kamar wadda aka sace wa jariri. Itace shugabar sashenmu. Watanta bakwai, an ɗauko ta da digiri biyu an ɗora mini a ka, ko tabbatar da ita a aiki ba ayi ba tukuna.

Tace Baba, allon da nace a sa, an sa?

Nace ranki ya daɗe, an sa mana.

Tace me aka rubuta?

Nace abinda kikace.

Tace gudummawa, kada a taɓa?

Nace to da me za a rubuta, wasiƙar aure?

Ba ta yi dariya ba. Wannan yarinya ko cakulkuli ka mata sai ta nemi takarda.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na duba bayan kwalayen, na duba kwandon shara, na duba lambatu. Wani abu nake nema. Ban gani ba. Ba wani abu bane.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Na Sama ya tara mu yana huci. Yace an kafa kwamati, kuma wani zai tafi gida akan wannan magana, ko shi waye. Ya faɗa sau biyu, na biyun yana kallon sashenmu. Mu biyu ne a sashen. Ni da ita.

Wata goma sha huɗu ya rage mini in ajiye aiki da mutuncina, a yi mini walima a bani agogon bango. Ba za a kore ni kamar kare ya ci nama ba. Ba a haifi mai yi ba.

Bari in rubuta abinda ta mini, don kar a ce ni mugu ne.

Watanta na biyu na rubuta takarda cewa an kawo kaya daga wata jami'a. Harafi ɗaya ya zame, ɗaya tak, maimakon kwali goma sha biyu ya fita kwai goma sha biyu. Wa bai san abinda nake nufi ba? Shugabannin da suka wuce su huɗu duk sun gane rubutuna, suna sa hannu su wuce. Ita sai ta zagaye shi da jan biro. Takardar ta hau sama a haka, ta faɗa hannun Sakatariya mai bakin rediyo. Washegari tun daga bakin gate ake tambayata, Baba dafaffe ne ko ɗanye? Masu shara suna mini kukan kaza. Mai Ƙwai, Mai Ƙwai. Nima nayi dariya, har na fi kowa, don ni ba a ganin bayana.

Amma na ajiye. Ni mai sito ne, ajiya aikina ne.

Sannan ta ɗauke babbar rijistata mai baƙin bango tace yanzu komai a kwanfuta za a sa. Shekara ashirin da shida na rubutun hannuna ta sa a kan durowa ta ɗora tukunyar fulawa a kai.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Dogo maigadi ya tare ni. Shi ne ke ƙofa ranar Asabar. Yace Sarki, ɗaliban nan fa allo suka nuna mini, suka ce ga shi a rubuce, ni kuma ka san ban iya karatu ba, har na taya wata ɗaukar kaya zuwa keke.

Nace Dogo, wane allo? Kai ka ga allo?

Ya kalle ni. Nace 'ya'yanka nawa? Yace bakwai. Nace to ka ga allo?

Yace ido na ciwo ranar.

Nace Allah ya sawwaƙe, ka riƙa sa magani.

Laraba, ƙarfe biyu

Kai! Allah mai iko. Ina zaune ina kallon silin sai abu ya faɗo mini a ka kamar mangwaro.

Ranar Juma'ar nan da aka sauke kayan Marigayi, a ranar motar musaya ta tashi. Kwali talatin Jan Biro ta tura wa 'Yan Barci. Haka nake kiran wata jami'a da muke musaya da su, don in ka aika masu kaya sai ya shekara ba su buɗe ba. Na taɓa kai masu ziyara na tarar da kwalin da na ɗaure da hannuna shekara huɗu baya, wani ya maida shi kujera.

Arba'in da ɗaya, cire tara, saura talatin da biyu. Talatin sun shiga mota. Biyu ɗalibai sun yi wawaso. Lissafi ya fita tas kamar an wanke.

Kuma ita da bakinta ta taɓa cewa, a gaban Na Sama, da za a bari da ta ware waɗanda muke da irinsu a cikin kayan Marigayi tayi musaya da su. Akwai shaidu.

Abinda ke cikin kwali talatin ɗin nan, takarda ɗaya ce ta faɗa, jerin kaya. Da hannu ta rubuta a gurguje don babu wuta ranar. Tana cikin fayil mai ruwan ƙasa.

Da tana ciki dai.

Alhamis, 6 ga wata, tsakar rana

Na gaya wa Sakatariya maganar mota. Nace sirri ne, kada kowa ya ji. Kafin in sauko bene mai shara ya bani labarin, harda ƙarin cewa an ga direban yana dariya.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Hedimasta, uwargidana, shekararta talatin tana koyar da 'yan aji uku shi ya sa nake kiranta haka, ta zuba mini ido ina cin abinci.

Tace Malam, yau kwana biyar kana bada labarin dariya ba ka ƙarasawa. Me ka yi?

Nace me na yi? Me aka mini dai.

Na bata labarin kaf, banda ɗan abinda ba shi da amfani.

Tace wa ya rubuta allon?

Nace mata miyar nan ta yi gishiri.

Tace zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Yarinyar nan zagaye kawai tayi, ba ita ta yaɗa ba.

Nace ke kam duk mai jan biro ɗan'uwanki ne. Ƙungiya gare ku.

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

Gudunmawa. Gudumuwa. Gudummuwa.

Wace irin kalma ce wannan don Allah? Mutum na tsaye da maka, biron rubuta allo, a hannu, ranar Juma'a, an kusa tashi, ɗalibai na wucewa suna leƙen abinda kake rubutawa. Duk wanda ya ƙirƙiro ta bai taɓa ɗaukar kwali ba.

Kuma ai sunan sashen namu kenan. Yana nan a ƙofa tun kafin a haife ta.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe tara

Jan Biro ta manna sanarwa a duk bangon makaranta, wai duk wanda ya ɗauki littafi a baranda ya dawo da shi ba za a tambaye shi komai ba. Sun fara kawowa ɗai ɗai, kamar masu biyan bashin da suka manta. Ta sa tebur a bakin ƙofa ita da kanta tana karɓa tana godiya.

Wani ƙato mai waya a kunne yace Anti mu fa ba sata muka yi ba.

Na yi tari mai ƙarfi nace kai wuce, ana magana da manya.

Gobe jarrabawa zata ƙare, jibi duk su watse hutu. Allah ya kai su gida lafiya, ya kuma tsawaita hutun.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe uku

Ta zazzage fayil mai ruwan ƙasa sau huɗu. Ta shiga ƙarƙashin tebur da gwiwa. Na taya ta nema sosai, har na ɗaga tukunyar fulawa.

Tace Baba ba ka ga jerin kayan 'Yan Barci ba?

Nace ranki ya daɗe, ba ya cikin kwanfuta? Ai kin ce komai yanzu yana kwanfuta.

Wayyo daɗi. Na fita bayan sito nayi dariya har na riƙe bango.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kowa ya tashi, ina ɗaure jaka, ta turo ƙofa ta rufe. Ta zaro wani abu daga bayan durowa ta ajiye a teburina. Gefen kwali ne, babba, an naɗe shi biyu. Wata ɗaliba ce ta kawo, wai ta ajiye ne don kar a ce mata ɓarauniya.

Ban buɗe ba. Na san shi.

Tace Baba, kalma ɗaya ce a jiki, kuma na san hannun.

Nace hannu ai kowa na da shi, har biri.

Tace KYAUTA. Kai kana nufin kyauta aka bamu. Su kuma suka karanta kyauta ake bayarwa. Kwali arba'in a bakin ƙofa, ranar Asabar, ana shirin jarrabawa. Ko ni ce ɗaliba zan ɗauka.

Na ce to ai sai ki kai sama a baki lambar yabo.

Tace a'a. Kai zaka kai da hannunka. Ka hau gobe ka faɗa. Ni zan bi ka in ce laifina ne da ban rubuta maka a takarda ba, na bar ka da kalmar a baki. Mu raba shi biyu, ba wanda za a kora akan rabin laifi. Ka girmi mahaifina, Baba, ba zan tsaya gaban kwamati in nuna ka da yatsa ba.

Ta bar mini shi ta fita.

Ji fa. Ji wayo. Wato in hau da ƙafata in ce ni, Sarkin Kwali, na kasa rubuta kalma ɗaya. Ƙwai bai ishe su ba. Sakatariya ta samu labarin shekara goma. A ranar walimata a rubuta KYAUTA a manna mini a baya.

Kuma wai ban rubuta maka a takarda ba. Kamar yaron aji ɗaya. Wannan ta fi zagi ciwo.

Tausayina take ji. Ni! Gara ta mare ni.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Mai shayin bakin gate yace kwalin da na ba shi ya kama wuta da kyau. Nace tsohon kwali ne, ya bushe.

Alhamis, ƙarfe ɗaya

Ta kalle ni na kalle ta. Ta kalli sama wajen bene. Na gyara hula na cigaba da ɗaure mujallu.

Asabar, 15 ga wata

Ciki na ciwo. Ruwan famfon nan ne.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe huɗu

Ranar kwamati. Wallahi da an ɗauka a kaset da an sayar.

Su uku ne, shugabansu Mai Tabarau, wani Farfesa da ke kallon mutum ta saman gilashi. Na shiga da babbar rigata ta bikin ɗiyata. Kafin in zauna na basu labarin kwalin da aka maida kujera, Mai Tabarau yayi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Daga nan gari ya waye mini.

Suka ce wa ya loda motar musaya? Nace leburori, bisa umarnin shugabata. Ni ƙaramin ma'aikaci ne, in ance ɗauki sai in ɗauka. Suka ce kwalayen Marigayi da na musaya kusa suke? Nace ranku ya daɗe kwali ai kwali ne, duk uwarsu ɗaya. Ban yi ƙarya ba. Ku duba maganata, ba ƙarya ko ɗaya.

Aka kira ta. Suka ce ina jerin kaya? Tace ya ɓace. Suka ce an buga wa 'Yan Barci waya, mai kula da musayarsu yana hutu, sito a kulle, ba a san ranar dawowarsa ba. Na sunkuyar da kai don kar a ga haƙorana.

Sai tace akwai allo da aka rubuta kyauta, ɗalibai suka fahimce shi a baibai.

Mai Tabarau yace ina allon?

Ta juyo ta kalle ni.

Tace na bayar da shi amana.

Yace wa?

Ta sake kallona. Sannan tace Baba ya sani.

Nace ni? Ranku ya daɗe, ni da ba a yarda in rubuta kwali ba sai an zagaye, ni za a ba rubutun allo? Ai da ƙwai zaku gani a jiki.

Suka fashe. Har magatakarda ya ajiye biro. Da ƙwan nata na jefe ta. Ramuwar gayya kenan.

Aka kira Dogo yace ido na ciwo.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe sha biyu

An dakatar da ita. Takarda ta fito, wai ta fitar da kaya ba jeri, ta karya sharaɗin mai bayarwa. In wata ya ƙare ba a ga kayan ba, ta tafi kenan, tunda dama ba a tabbatar da ita ba. Nine mai riƙon sashe.

NINE MAI RIƘON SASHE.

Ta kwashe kayanta a leda ɗaya. Na zaci zata zage ni, na ma shirya amsa guda uku masu zafi. Ta ajiye makullai a tebur tace Baba, gara ta fara cin litattafan kwali na shida, a fitar da su rana kafin ta kama sauran.

Shikenan. Amsoshina suka tafi a banza.

Na sauke tukunyar fulawa na ɗauko rijistata na hure ƙura. Na zauna a kujerarta mai juyawa na juya sau bakwai. Na aika aka sayo wa masu shara lemo. Yau ba wanda yayi kukan kaza.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na gaya wa Hedimasta an ƙara mini girma. Tace Allah ya sa alheri, ta cigaba da tsintar shinkafa. Ko guɗa babu. Mace in ta yi aikin koyarwa zuciyarta alli ce.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe goma

Na Sama yace in rubuta wa Matar Marigayi wasiƙa in bayyana mata inda aka kwana. Shafi ɗaya kawai yace. Ƙaramin abu.

Alhamis, ƙarfe uku

Biron nan ba ya zuba da kyau.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Na rubuta Zuwa ga. Saura kaɗan.

Na yage sanarwarta daga bango, duk guda goma sha takwas. Tana ɓata fenti.

Ban fitar da kwali na shida ba. Ba ita zata gaya mini gara ba, ni da gara mun san juna tun tana zanen goyo.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyu

Matar Marigayi ta zo ba sanarwa. 'Yar tsohuwa da sanda, direba na biye da ita ɗauke da hoton Farfesa cikin gilashi, wai na ɗakin da za a buɗe. Na bata kujerata mai juyawa, na durƙusa na gaishe ta.

Tace kai ne Sarkin Kwali?

Nace ni ne Mama, ba wani.

Tace maigidana na yawan zancenka. Yana cewa duk labiraren nan mutum ɗaya ne in ka tambaye shi abu ba ya duba takarda, sai dai ya miƙa hannu. Shi ya sa da yara suka ce a sayar, nace a'a, a kai wurin mutumin nan.

Nace Allah ya jiƙansa, ya san mutane.

Na so in bata labarin ranar da Farfesa ya kulle kansa a sito. Na fasa.

Tace ba litattafan bugawa ke damuna ba ɗana, waɗannan ana samu. Akwai 'yan litattafan rubutu masu koren bango guda sittin. Shekara talatin da biyar yana bin ƙauyuka yana zura igiya a rijiya yana rubutawa. Ni na riƙa dafa masa guzuri. Babu kwafinsu ko'ina a duniya.

Nace in Allah ya so suna wurin 'Yan Barci, lafiya lau, ko buɗewa ba ayi ba.

Ta buɗe jaka ta fito da guda uku. Ɗaya an yage rabinsa.

Tace yarinyar nan da kuka sallama ce ta kawo mini jiya. Kullum tana kasuwa tana bin masu sayen tsohuwar takarda. Wannan a wurin mai sayar da ƙusa ta samu, yana ƙunshe wa mutane ƙusa da shi. To ya aka yi abinda ke cikin mota ya je wurin mai ƙusa?

Nace Mama duniya ce, abin mamaki ba ya ƙarewa.

Ta dube ni irin kallon da uwata ke mini in na dawo da canji bai cika ba. Ta bar hoton a jingine da bango.

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi

Na juya hoton ya kalli bango. Saboda ƙura.

Wa ya aiki Jan Biro kasuwa? An dakatar da ke, ki zauna gida mana. Neman suna. So take a ce ta fi ni son litattafai. Ni da na kwana a sito ranar da rufi ya yi yoyo ina tare ruwa da bokiti, lokacin tana ina?

Ba zan bari ba. Ba zan bari ba.

Talata, 25 ga wata, da safe

Na fitar da kwali na shida rana. Ra'ayina ne, ba don ta faɗa ba. Gara ta cinye gindin, ta shiga na bakwai.

Laraba, 26 ga wata

Kwana biyar ya rage wata ya ƙare. Biyar. Ku yi barci 'Yan Barci, Allah ya ƙara nauyin bargo.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe sha biyu

Masinja ya kawo wasiƙun sashe. Yanzu ni ke buɗewa. Akwai farar ambulan da tambarin 'Yan Barci.

Shekara ashirin da shida ban taɓa ganin amsarsu ƙasa da wata goma ba.

Shafi biyu ne, da turancin manya. Na gane talatin. Na gane sunan mujallar jami'armu, an jera ta shekara shekara har ƙasa. Ba sunan Farfesa ko sau ɗaya.

Na sa ta a aljihun ciki. Allah ya so ni, hannuna ta faɗo. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Mai shayi zai samu abin hura wuta gobe.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Nace bari dai in san duk abinda ke ciki kafin ta tafi. Na miƙa wa Hedimasta nace gwada idonki, in ga ko har yanzu kina iya karatu.

Ta sa gilashi. Tace sun yi sabuwar ma'aikaciya, tana neman afuwar jinkiri, ta buɗe sito ta tarar da kayanku. Suna godiya da tsofaffin mujallu kwali talatin, ga jerinsu, ba littafi ko ɗaya a ciki.

Nace na sani, gwada ki nake. Kawo.

Ba ta sake ba. Ta sa yatsa a can ƙasa, ƙarƙashin sa hannu, wurin wasu 'yan haruffa biyu ƙanana kamar kashin ƙuda.

Tace Malam ka ga wannan?

Nace datti ne na injin bugawa.

Tace ba datti bane. Yana nufin wannan da ke hannunka kwafi ne. Ta asalin an aika wa shugabanku, ɗaya kuma shugaban kwamati.

Nace ƙara dubawa.

Ta cire gilashin ta ninke takardar ta sa mini a hannu. Tace tun ranar da ka ce miya ta yi gishiri na sani. Da ka tambaye ni kalmar nan a waya, minti ɗaya ne. Shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane, kai kaɗai ne ba ka taɓa tambayata ba.

Ta tashi ta shiga ɗaki.

Asabar, 29 ga wata

Sabuwar ma'aikaciya. Su ma an kai masu tasu. Annoba ce ta shigo ƙasa.

Lahadi, 30 ga wata, da la'asar

Na goge takalmi. Na sake gogewa.

Jerin kayan nan na fayil mai ruwan ƙasa yana cikin wannan littafi, shafin baya. In na maida shi yanzu sai a ce me? In ban maida ba sai a ce me?

Amma 'Yan Barci, ku da Allah. Shekara huɗu kuna zaune kan kwalina, sai da nawa ya zo kuka farka. Ban yafe ba.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe takwas da kwata na safe

Dogo baya bakin ƙofa. An ce tun bakwai yana sama, kuma idonsa ya warke.

Sakatariya ta sauko da kanta, tace Na Sama na kira, in taho da makullai duka. Nace mata yau kin yi kyau kamar ranar albashi. Tace suna jira.

Hawa uku ne. Ina da labari ɗaya mai ban dariya da ban taɓa ba Na Sama ba, na ajiye shi don rana irin wannan. Tun ɗazu nake zaune ina neman farkonsa.